Goma Sha Biyu

Kyamarar ta girme ni da shekara talatin.
Na tsince ta ranar Lahadi a kasuwar gwanjo ta Valparaíso,
tsakanin mataccen agogo
da tulin makullan da suka rasa ƙofofinsu.
Idonta biyu, ɗaya bisa ɗaya,
na sama nawa, na ƙasa nata.
Mai kayan ya ce, "Sha biyu take ɗauka, 'yar nan.
Sai ki koyi rowa."

Ba a ɗaga ta zuwa fuska kamar mai auna bindiga.
Daidai cibiya ake rungume ta,
a buɗe murfi, a sunkuyar da kai.
Duk wanda zan ɗauka, sai na rusuna masa tukuna,
ko da kare ne mai barci a bakin matakala.

A cikin gilashinta duniya bahaguwa ce.
Dama ta koma hagu.
Jirgin da ya nufi arewa da kaya
sai in gan shi yana komawa kudu,
in bi shi, ya guje mini,
hannuna na gardama da idona.

Garin nan kuwa mayen fenti ne:
gida shuɗi, gida ja, gida ruwan ƙwai,
sun hau kafaɗun juna har ƙolin tudu.
Ita ko oho.
Haske take tambaya, da inda ya faɗi,
da abin da inuwa ta rage.

Na farko, masunta na jan kwalekwale, hazon teku ya cinye rabinsu.
Na uku, na manta ban wana ba,
shanyar wata mata ta hau kan hasumiyar coci.
Na bakwai ban san me ya faru ba.
Na tara, hannun mai gasa burodi, gari har gwiwar hannu.
Daga na goma yatsana ya soma nauyi,
kwana shida ina yawo da ita a wuya
ban ga abin da ya cancanci ƙyas ba.

Sai Don Nibaldo.
Shekara arba'in da ɗaya yana jan akwatin katako
mai hawa tudu a kan dogo,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
tafiyar da ba ta kai minti biyu ba.
Ranar Juma'a za su rufe, wai gyara.
Ya san irin wannan gyaran.
Ya tsaya jikin taga, furfura fat,
ya ce, "Yi sauri, fasinja na jira."
Babu fasinja.
Na riƙe numfashi. Ƙyas.
Sha biyu.

Da dare na toshe ƙasan ƙofar banɗaki da tawul,
na naɗa fim a duhu, yatsu ne idanu.
Na zuba ruwan wanki, na juya, na ƙirga,
na juya, na ƙirga,
warin tsami na yaƙar hancina.
Na shanya shi da matsin tufafi, yana ɗiga kamar kifi.

Na kai masa hoton a takarda, murabba'i, tsaf,
kowane layi na goshinsa a zaune.
Ya duba sau ɗaya ya ajiye.
"Wannan tsohon na san shi. Ina ɗayan?"
Na miƙa masa fim ɗin.
Ya ɗaga shi wajen taga,
can inda fari ke zama baƙi,
sumarsa wuluk, kamar bai taɓa ganin hunturu ba.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Ƙasa da mu wani jirgi ya yi kuka.
"Wannan," ya ce, "shi Herminia ta aura."

Na ɗauko almakashi.
Sha ɗaya na koma da su gida.